Bashin Karatu da Digirin Wasan Kwaikwayo: Riba ko Asara?

Gabatarwa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Har zuwa 'yan shekarun nan ɗalibin jami'a bai san wannan hanji ta fuskar kuɗin makaranta ba, domin abin da ya gagari mahaifi akan nemo shi wurin kawu ko baffa, ko a kai tunkiya kasuwa, ko a buɗe rumbu a sayar da gero, ko kuwa a zuba ido ga tallafin gwamnatin jiha. Daga shekarar 2024 al'amarin ya sake kama. Gwamnatin Tarayya ta buɗe ƙofar rance ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ɗan Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura kuwa yana da ikon shiga wannan ƙofa kamar kowa, kuma sunansa za a rubuta a takardar bashin, ba sunan mahaifinsa ba.

Muddin rancen na karatun likita ne ko injiniya, ba a jin gardama a zaure. Amma da zarar yaro ya ce zai ci bashi domin ya karanta wasan kwaikwayo, nan take mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce wauta ce tsantsa, wa ya taɓa cin bashi don ya koyi wasa? Wasu kuma su nuna motoci da gidajen taurarin fina-finan Kano, su ce ai ga hanyar arziki nan. Dukkan ɓangarorin biyu ba su zauna sun yi lissafi ba. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, rancen kansa ya fi yadda ake tsoronsa sauƙi, takardar digirin kuwa ba ta da kasuwar da ake yi mata buri. Saboda haka bashin yana da hujja ne kawai ga ɗalibin da zai fito da sana'a a hannunsa, wanda kuma ya ci gwargwadon abin da ya zama masa dole.

Asalin Rancen da Sharuɗɗansa

Ba yau aka fara ba ɗalibai rance a Nijeriya ba. A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. An ba da kuɗi, amma kaɗan ne suka komo, saboda da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa sun ɗauke shi rabonsu ne daga arzikin man fetur. Ɗaliban wancan zamani suna ganin ilimi haƙƙi ne a wuyan hukuma, shi ya sa a 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, jami'o'i suka ɗauki zafi a zanga-zangar neman a sauke Kanar Ahmadu Ali daga kujerar kwamishinan ilimi, har aka rasa rayuka a Zariya da Legas. A 1993 aka sake gwadawa da dokar Bankin Ilimi, shi ma bai kai ko'ina ba.

Abin da ya farfaɗo da zancen shi ne tsadar rayuwar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da ƙarin kuɗin rajista da jami'o'i da dama suka yi a wannan shekara, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano, inda yawancin 'yan arewa maso yammacin Jigawa kan fara kai ƙoƙonsu. Dokar farko da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, kamar kawo masu tsaya wa ɗalibi, da kuma cewa abin da gidansu ke samu a shekara kada ya wuce naira 500,000. A watan Afrilu na 2024 aka soke ta aka kafa wata, aka cire waɗannan sharuɗɗa, sa'an nan a watan Mayu Asusun Rancen Karatu, wanda aka fi sani da NELFUND, ya fara karɓar takardun masu nema.

Rancen kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ake biya kai tsaye ga jami'a, akwai kuma kuɗin guzuri, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun ɗalibi idan ya nema. Babu kuɗin ruwa ko kwabo. Ba a fara neman biya sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, mai sana'ar kansa kuwa ya riƙa kai kashi 10 cikin ɗari na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin rantsuwa a rubuce a ɗaga masa ƙafa, amma wanda ya yi ƙarya a wannan rantsuwa gidan yari na jiransa. Idan mutuwa ta zo, doka ta ba da damar yafewa.

To, sai lissafi. Kuɗin rajista ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma a ƙaddara naira 100,000 ne a shekara domin misali. Shekara huɗu ta kama 400,000 ke nan. Ɗalibin da ya haɗa da guzuri, idan an biya shi kowane wata ba fashi, zai ƙara 960,000, jimla 1,360,000. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, kashi 10 cikin ɗari nasa kuwa 7,000. Da wannan awo, wanda ya ci kuɗin makaranta kaɗai zai fita bashi cikin ƙasa da shekara biyar, wanda ya haɗa da guzuri kuwa sai ya haura shekara 16. Idan albashin ya kai 200,000, wannan na biyun zai gama cikin shekara biyar da wata takwas.

Akwai wani abu da ke sassauta nauyin, watau faɗuwar darajar naira. Bashin da ba shi da ruwa ba ya girma, albashi kuwa yana hawa ko da a takarda ne. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, don haka 400,000 ta haura albashin wata 13 a lokacin, amma a 2024 ba ta cika na wata shida ba. Ke nan duk wanda ya kwatanta wannan rance da na Amurka, inda bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.7 kuma ruwa na hawa kansa, bai yi wa na Nijeriya adalci ba. Tsoron da ya kamata a ji yana wani wuri dabam, wurin abin da ake saye da kuɗin.

Me Ake Saye da Bashin?

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron da ya tashi a Roni ko Gwiwa ya yi tashe daga goma ga watan azumi, ya ga 'yan kama suna kwaikwayon malamai, ya ji labarin wasan gauta inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Rubutaccen wasa kuwa ya faro tun shekarun 1930 da wasanni shida na R. M. East, aka zo kan Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Ɗaliban Sashen Hausa sun san waɗannan littattafai, da yawansu ma a kansu suka ci jarrabawar shiga jami'a.

Karatun fannin a matsayin digiri a Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ce ta buɗe hanya a 1975, ƙarƙashin Michael Etherton, a dandalin nan na ginin ƙasa da aka yi bisa fasalin gidan Bahaushe. Daga nan ne malamai da ɗalibai suka fita ƙauyuka, suka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, daga baya suka je Maska da Bomo, suna zama da talakawa suna mai da matsalolinsu wasa, su kuma talakawan su shiga fage su gyara abin da aka faɗa ba daidai ba. Yau ana karanta fannin a Zariya da Jos da Jami'ar Bayero da wasu wurare, akwai kuma Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa a Jos.

Abin da mahaifi a zaure bai sani ba shi ne, fitowa a fage ƙaramin kashi ne na wannan karatu. Ana koyar da rubutun wasa, da ba da umarni, da tsara fage da haske da sutura, da sarrafa murya, da tarihin wasanni da nazarinsu, da yadda ake tafiyar da ƙungiya da kasafin kuɗinta. Kowane ɗaya daga cikinsu sana'a ce mai cin gashin kanta. Amma fa ana iya shekara huɗu a sashen a fito ba a ƙware a ko ɗaya ba, kamar yadda ake iya yi a kowane sashe, a haddace bayanan malami a juye su ranar jarrabawa. Bambancin shi ne, mai digirin aikin jinya ko da bai yi fice ba yana da lasisi da asibiti ke nema, mai digirin wasan kwaikwayo kuwa ba wanda zai tambaye shi takarda. Abin da za a ce masa shi ne ya nuna abin da ya iya.

Ina Kasuwar Take?

Kasuwa ta farko da ke zuwa zuciyar kowane yaro ita ce ta fina-finan Hausa, wadda ta faro a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, aka raɗa mata suna Kannywood a ƙarshen wannan goma. Daga Kazaure zuwa Kano kimanin kilomita 80 ne, don haka ba nisa ne matsalar ba. Matsalar ita ce wannan kasuwa ba ta taɓa sayen digiri ba. Marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja, tsohon soja ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro daga aikin gidan yari ya fito. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Hanyar shiga sana'ar har yau ita ce bin ubangida, a riƙe masa jaka, a ɗauki fitila, a jira ranar da za a ce ga fitowa ɗaya. Mai digiri ma ta wannan ƙofa zai bi, yana bayan wanda ya shiga shekara huɗu kafin shi.

Ladan aikin kuma ba shi da tsayayyen awo. A 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da akan ba ta daga naira 2,000 ne zuwa 5,000. Wasu masu shirya fim sun musa, suka ce sun biya ta fiye da haka, amma gardamar kanta ta tona abin da ke ƙasa: babu albashi, babu fansho, babu rubutacciyar yarjejeniya a mafi yawan lokuta. Taurarin da ake hangen motocinsu 'yan ƙalilan ne, kuma da yawa daga abin da suke samu daga tallace-tallace da hulɗa da 'yan siyasa yake zuwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Bugu da ƙari, kasuwar tana yawan girgiza. Satar fasaha ta kashe cinikin faifai, aka koma dogon zango a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda kuɗin shiga ya dogara ga yawan masu kallo da farashin talla da ake yankewa a wata ƙasa. A 2007 an dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni. A 2016 aka fasa gina ƙauyen fim a Kofa saboda adawar jama'a da malamai. A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. Kowace irin wannan girgiza, ƙananan ma'aikata ne kan fara kwana da yunwa.

Kasuwa ta biyu ita ce ta faɗakarwa, gadon aikin da aka fara a Soba. Wasannin rediyo irin su Gugar Goge da Ruwan Dare da Madubi sun ɗauki marubuta da masu murya aiki, sun kuma biya su da kyau idan aka gwada da fim. Amma kuɗin waɗannan ayyuka yawanci daga ƙungiyoyin ƙasashen waje yake fitowa, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage abin da suke bayarwa. Rijiyar ba ta ƙafe ba, amma ruwanta ya ja baya.

Kasuwa ta uku ita ce aikin gwamnati: gidajen rediyo da talabijin na jiha a Dutse, da hukumar tarihi da al'adu, da kuma koyarwa. Guraben biyun farko kaɗan ne, ba kuma kowace shekara ake buɗe su ba. Koyarwa ce ke da faɗi, domin Jigawa na fama da ƙarancin malamai har ta ƙirƙiro shirin J-Teach na ɗaukar matasa, kuma darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Sai dai mai digirin wasan kwaikwayo yana bukatar ƙarin shaidar horon malanta kafin ya zama cikakken malami a idon doka, albashin farawa kuwa bai yi nisa da awon nan na farko da aka yi lissafi da shi ba.

A nan ne halin yankin ya shigo. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da kuma cibiyar koyar da kwamfuta ta jiha, Babura kuwa ta sami Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Duk waɗannan makarantu sun fuskanci kimiyya da ƙere-ƙere, kuma rancen ya shafi makarantun gwamnati irinsu. Ɗan Babura da ya zaɓi fannin da ake yi a garinsu yana iya kwana a ɗakinsa, ya ci tuwon gidansu, ya ranci kuɗin makaranta kaɗai. Wanda ya zaɓi wasan kwaikwayo dole ya tafi Kano ko Zariya ko Jos, ya biya ɗaki da abinci da mota, naira 20,000 kuwa ko rabin kuɗin buhun shinkafa ba ta kai ba a shekarar da aka fara bayar da ita. Ragowar daga aljihun gida zai fito, a jihar da ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta nuna mutum 87 cikin ɗari na zaune cikin talauci. Watau zaɓin fannin da kansa yana ninka bashin, yana kuma ɗora wa iyaye wani bashin da ba a rubuta ba.

Nauyin da Ba a Ƙirga Shi da Naira

Rashin kuɗin ruwa ya kawar da babbar matsalar addini game da rancen, amma bai sauke nauyin bashi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya kuma inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata ga barin sallatar wani mamaci saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Saboda haka ɗalibin da ke raya wa ransa cewa kuɗin gwamnati ne, za a manta kamar yadda aka manta na 1972, ya shiga da mugun nufi tun daga ƙofa. Idan kuwa irinsa suka yi yawa, asusun zai bi sahun na baya, ƙannensa su tarar da ƙofa a rufe.

Akwai kuma kallon da jama'a ke yi wa sana'ar. A garuruwa da yawa har yanzu kalmar ɗan dirama ba yabo ba ce, tana iya kawo cikas ranar neman aure, ga 'ya mace kuwa abin ya fi tsanani. Wannan kallo akwai rashin adalci a cikinsa, domin mutanen da ke ƙyamar ɗan wasa su ne ke tattaruwa gaban talabijin da dare. Duk da haka yana nan, kuma wanda zai sa hannu a takardar bashi ya kamata ya sa shi cikin lissafi.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Da za a tsaya nan, sai a ce magana ta ƙare, kowa ya tafi injiniya. A Ingila ma wani bincike da Cibiyar Nazarin Harkokin Kuɗi ta yi a 2020 ya nuna cewa masu digirin fannonin fasahar ƙirƙira, a matsakaicin awo, ba su samun wata riba ta kuɗi a tsawon rayuwarsu idan aka gwada su da takwarorinsu da ba su je jami'a ba. Amma akwai abubuwa biyu da wannan hukunci ya tsallake.

Na farko, ba kowa aka halitta domin lissafi ba. Yaron da aka tilasta wa fannin da ba ya so yakan fito da sakamako mai rauni, ya shiga layin masu neman aiki da bashi iri ɗaya a wuyansa. Masu digirin kimiyya da ke sayar da katin waya a tashar mota ba su da wuyar gani. Babu takardar da ke da lamunin aiki a Nijeriyar yau, bambancin na yawa ne da ƙaranci.

Na biyu, idan aka ce ɗan talaka kada ya kusanci wannan fanni, to an bar wa wasu su ba da labarinsa. Fina-finan Hausa sun cika da falo da motoci da rikicin gadon attajirai, da wuya a ga manomin rani na kwarin Gari ko mai fataucin dabbobi a bakin iyakar Babura da Nijar, sai dai a matsayin baƙauye abin dariya. Al'amuran da ke ci wa yankin tuwo a ƙwarya suna bukatar mai iya tsara su yadda za su shiga kunne: rikicin manomi da makiyayi, da ambaliya irin ta 2022, da barin 'ya'ya mata makaranta, da kwasar mai daga tankar da ta faɗi, wanda ya hallaka mutum fiye da 150 a Majiya a watan Oktoba na 2024. Sanarwar rediyo ta minti ɗaya ba ta yin abin da wasa a dandalin ƙauye ke yi.

Kuma a cikin kasuwar nan mai girgiza akwai hajar da kullum ake nema ba a samu isasshe, watau rubutu. Shirin dogon zango yana cin labari kowane mako. Masu kallo na yawan kukan maimaici, da labarin da aka ja har ya tsinke, da Hausar da aka jiƙa da Turanci. Fuskoki sun yi yawa a Kano, amma mai iya gina labari ya sa wa kowane ɗan wasa maganar da ta dace da bakinsa, tsoho ya yi ta tsofaffi, Bakazaure ya yi irin tasa, ba shi da yawa. Haka nan mai haɗa hoto, da mai gyaran sauti, da mai fassara. Waɗannan su ne ke samun aiki ko wane tauraro ne ke tashe, kuma aikinsu na shiga rediyo da talla da bikin aure da yaƙin neman zaɓe. A nan ne karatun jami'a ke iya fin bin ubangida, idan an yi shi da gaske.

Shawarwari

Ga ɗalibi, abu na farko shi ne ya gwada kansa kafin ya ci bashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa rubuta wasa na shafi biyar ba, bai taɓa haɗa yaran unguwa ya shirya wani abu ba, ko da da wayar hannu ne, to sha'awar suna ce ke ɗibarsa, kuma ba a cin bashi don ita. Na biyu, ya raba rancen biyu. Kuɗin makaranta ya ci idan babu makawa, guzuri kuwa ya ɗauke shi kamar maganin da ake sha sai ciwo ya tsananta, ya nemi tallafin Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa tukuna, tun da shi ba a biya. Na uku, tun daga aji biyu ya zaɓi sana'a ɗaya ta bayan fage ya riƙe ta, ya yi hutunsa a wurin masu aikin, ta yadda ranar da zai karɓi takarda yana da ayyukan da zai nuna. Na huɗu, ya ɗauki darussan Hausa da muhimmanci, domin da Hausa zai ci abinci.

Ga jami'o'i, tun da yanzu kuɗin da ɗalibi ke biya bashi ne a wuyansa, haƙƙinsa a kansu ya ƙaru. Sashen da ke karɓar kuɗin rance ya kamata ya bi sawun waɗanda ya yaye, ya bayyana wa masu shigowa inda suka ƙare da irin aikin da suke yi. Ya kamata kuma katangar da ke tsakanin Sashen Hausa da Sashen Wasan Kwaikwayo ta rage tsawo. Ɗaya yana da harshe da adabi, ɗaya yana da fage da na'ura, kasuwa kuwa mutum ɗaya take nema mai duka biyun. Ɗalibin Hausa da ya ɗauki darasin rubutun wasa da na haɗa hoto yana iya isa inda ake so, da ƙarin amincin cewa aikin koyar da Hausa na jiransa idan fim ya ƙi.

Ga ƙananan hukumomin yankin da masarautun Kazaure da Ringim, bukatar faɗakarwa tana nan, mai saye ne babu. Kaɗan daga abin da ake kashewa a kan allunan talla da tarurruka zai isa a riƙe ƙaramar ƙungiyar wasa da za ta zaga kasuwanni da makarantu. Yin haka zai sa wanda ya yi karatun ya sami dalilin komowa gida.

Kammalawa

An ga cewa rancen da aka fara a 2024 ba shi da ruwa, biyansa na bin ƙarfin albashi, faɗuwar naira ma na rage masa nauyi. An kuma ga cewa digirin wasan kwaikwayo ba shi da kujerar da ke jiransa, kuma ga ɗan wannan yanki ya fi fannonin da ake yi a gida tsada. Idan aka ɗora biyun a sikeli, naira 400,000 domin sana'ar da aka ƙware a kanta ciniki ne mai kyau, naira 1,360,000 domin takarda da burin zama tauraro kuwa asara ce da za a daɗe ana biya. Saboda haka mahaifin da ɗansa ya zo masa da wannan magana kada ya kore shi, kada kuma ya sa albarka nan take. Ya tambaye shi nawa zai ranta, wace sana'a zai fito da ita, wa kuma zai saye ta. In yaron ya amsa da lissafi da aikin da ya riga ya fara, a yi masa addu'a ya tafi. In kuwa sunayen taurari ya shiga jerowa, to a ba shi shekara guda ya je ya ga yadda ake aikin da idonsa, tun bashi bai hau kansa ba.